Schroff: kalmar Jamusanci da ake faɗa wa dutse kuma ake faɗa wa mutum

Tambayar da aka turo min ita ce: "Yaya, ina koyon aikin jinya a gidan kula da tsofaffi a Jamus, jiya shugabar sashenmu ta ce min Sie waren heute etwas schroff zu der Dame. Na duba ƙamus a waya naga an rubuta rough, steep, blunt da wasu kalmomi da yawa, ni dai na rikice. Wanne ne daidai a ciki, kuma zagina tayi ko me?"

Toh ƙanwata, fara kwantar da hankalinki, ba zaginki tayi ba. Gyara ne tayi miki, kuma ma da ta saka etwas ɗin nan (wato "ɗan kaɗan") a gaba ta rage masa zafi sosai, kamar mutum ya ce miki "yau kin ɗan yi wa baiwar Allahn nan magana a tsaye". Amma bari mu bi kalmar a hankali, dan wallahi tana cikin kalmomin da ƙamus ɗin waya ke ɓatar da mutane, ni kaina da na fara aikin fassara ta sha wahalar da ni.

Abinda ya rikita ki shi ne an jero miki kalmomin Turanci guda uku da a Turancin ma basu da wata alaƙa da juna. Rough na abu mai kaushi ne, steep na hawa ko gangare mai tsayuwa, blunt kuma ko wuƙar da ta dakushe ko mutumin da baya tauna magana. Sai ki zaci schroff kalma ce mai ma'ana uku daban daban da sai an haddace su. A'a, a cikin kan Bajamushe hoto ɗaya ne tak, Turancin ne bashi da kalma ɗaya da zata ɗauke shi gaba ɗaya shi yasa ake ta yanko shi gutsure gutsure. Hoton kuwa na dutse ne. Ba irin dutsen da zaki hau kina hira ba, irin bangon dutsen nan da ya miƙe tsaye cak, ga tsini ta ko ina, ga tsagu, babu inda zaki ɗora ƙafa babu inda zaki kama da hannu, in kika matsa ma ya yanke ki. Asalin kalmar ma daga nan ta fito, a Jamusancin da akwai suna schroffe ko schrove wanda yake nufin irin wannan tsagaggen dutsen, daga shi aka ciro siffar schroff wajajen ƙarni na 16. Har yau masu hawan tsaunukan Alps suna da kalmar Schrofen, suna faɗinta ga wuri mai tsayuwa da duwatsu suka cakuɗe da ciyawa, wurin da ake yawan zamewa. In kin riƙe wannan dutsen a ranki to sauran duk zasu zo da kansu.

Mu fara da dutsen kansa tunda shi ne uwa. In kika ga schroffe Felsen, schroffe Klippen, schroffe Gipfel, eine schroffe Felswand, eine schroffe Küste, maganar duwatsu da tsaunuka da gaɓar teku ake. A Turanci nan ne ake samun rugged, craggy, jagged, sheer, precipitous, sai kuma steep ɗin da kika gani. Wanne za a ɗauka ya danganta da abinda marubucin ya fi kallo. In tsinin da tsagun yake kallo, jagged ko craggy. In tsayuwar ce, wato yadda bangon ya faɗa ƙasa ba gangare, sheer ko precipitous. In kuma yanayin wurin ne gaba ɗaya, misali gaɓar teku mai duwatsu da iska, rugged coast ake cewa kusan ko da yaushe. Ni a aikina rugged ce na fi amfani da ita, steep kuma ita ce na fi gudu, dan ta yi rauni, ta ɗauki tsayuwar ta bar kaushin.

In kin samu hutu kinje kudancin jihar Bayern ta Jamus zaki ga abin da idonki. Zugspitze, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Jamus, mita 2962, saman sa duk dutse ne fari fat mai tsini, wannan shi ne schroff. Haka bangon gabas na Watzmann kusa da Berchtesgaden wanda tsayuwarsa ta kai wajen mita 1800, haka duwatsun Dolomiten a arewacin Italiya da suke kamar haƙoran zarto. A arewacin Jamus ma akwai, tsibirin Helgoland da jajayen duwatsunsa da suka faɗa cikin teku. Duk takardar talla ta yawon buɗe ido da zaki ɗauka a irin waɗannan wuraren sai kin ga schroff a ciki, kuma a nan yabo ce, kyau ake nufi, irin kyan da yake da ban tsoro.

Bambancinta da steil kuwa, wadda ita ce ainihin steep, shi ne steil awo ne kawai. Matakalar bene tana iya zama steil, titin da ya hau tudu steil, rufin gida steil. Babu wanda zai ce eine schroffe Treppe, sai dai in yana waƙa. Duk abinda yake schroff a dutse kusan steil ne, amma ba duk steil ne schroff ba. Ki tuna Dutsen Zuma a hanyar Abuja zuwa Kaduna, gefensa a tsaye yake amma jikinsa sumul, in ni ne steil zan ce masa. Duwatsun Air na can Agadez kuwa da suke baƙaƙe a farfashe, su ne zan ce schroff ban ko yi tunani ba.

Yanzu ki ɗauki wannan dutsen ki mayar da shi mutum. Kin zo da magana, ya baki amsa kalma biyu, fuska a ɗaure, murya ba laushi, bai bar miki wata ƙofa da zaki ƙara cewa komai ba. Kin nemi inda zaki kama kin rasa. Shi ne eine schroffe Antwort, ein schroffer Ton, eine schroffe Art, ein schroffes Nein. Da Hausa abinda ya fi kusa a wurina shi ne gwasalewa, ko gwalewa, "na tambaye shi ya gwasale ni". Jemanden schroff abweisen kusan daidai yake da a gwale mutum. Muna da kaushi ma, kuma abin sha'awa mu ma kaushin nan muna faɗinsa ga tafin ƙafa muna faɗinsa ga hali, ga kakkausar murya ga kakkausan martani da 'yan jarida ke yawan rubutawa. Kenan ba Jamusawa kaɗai ke aro daga abin taɓawa su kai wa magana ba.

A Turanci nan kalmomin su ne brusque, curt, abrupt, gruff, wani lokaci harsh, sai blunt can a ƙarshen layi. Kuma ba ɗaya suke ba. Curt gajarta ce, amsar da aka datse, kalmar ma daga Latin curtus take wanda shi ne ya haifi kurz na Jamusanci. Brusque ita ce ta fi dacewa da schroff a mafi yawan lokuta, gajarta haɗe da rashin sakin fuska da alamar "ni ina da abin yi", Jamusawa ma sun aro ta daga Faransanci suna cewa brüsk. Gruff ta fi tafiya da murya, irin dattijon nan mai gurnani wanda ƙila a zuciyarsa mutumin kirki ne. Harsh ta fi schroff zafi, tana da hukunci a ciki, ana sa ta in aka ce schroffe Kritik ko schroffe Ablehnung. Abrupt kuma ita ce 'yar uwar schroff ta jini in ana maganar yadda kalma ke tafiya, asalinta Latin ne ma'ana abinda aka karye, kuma Turawa suna faɗinta ga gangaren da ya yanke, suna faɗinta ga mutum mai datse magana, suna faɗinta ga abinda ya zo kwatsam. Da za a tilasta min in zaɓi kalmar Turanci ɗaya da zata bi schroff duk inda taje, abrupt zan ɗauka, duk da a maganar dutse yanzu ba a cika jinta ba.

Blunt ɗin nan ita nake so ki yi hattara da ita. A Turanci in aka ce mutum blunt ne ana nufin yana faɗin gaskiya ƙiri ƙiri baya kwana kwana, kuma sau da yawa rabin yabo ne. Schroff ba ruwanta da gaskiya. Mutum zai iya yi miki ƙarya schroff, zai iya ce miki Keine Zeit! (ba ni da lokaci) alhali zaune yake yana shan kofi. Abinda schroff ke kallo shi ne yadda aka tura ki baya, ba abinda aka faɗa ba. In kina son ki ce mutum baya tauna magana, Jamusawa direkt suke cewa, ko offen, ko unverblümt, ko su ce er nimmt kein Blatt vor den Mund. Kuma direkt a wurinsu ba aibi bane, da yawa ma taƙama suke da shi. Schroff kuwa ban taɓa jin wanda ya yabi kansa da ita ba. To in da shugabarki direkt ta ce da sai in ce ki share, amma schroff ta ce, kenan ana so ki gyara.

Sannan abinda ya fi cin mutane, juyawa. Ƙamus ya ce schroff na iya zama rough, steep, blunt, sai ɗalibi ya ɗauka duk inda ya ga waɗannan ukun a Turanci zai iya sa schroff. Nan ake kwaɓa. Wuƙar da ta dakushe stumpfes Messer ce, kuma tunda jinya kike koya zaki haɗu da stumpfes Trauma, raunin da abu marar kaifi ya yi, kar ki kuskura ki rubuta schroffes Trauma a rahoto. Fatar da tayi kaushi raue Haut ce, wannan ma kullum zaki gani a wurin tsofaffi musamman lokacin sanyi. Muryar da ta dishe raue Stimme ko heisere Stimme. Teku mai hauka raue See. Ƙiyasin da aka yi sama sama grobe Schätzung. In aka ce an yi wa mara lafiya riƙon rashin tausayi wajen ɗaga shi, grob ne, kuma wannan zargi ne mai nauyi a aikinku, ya fi schroff nesa ba kusa ba, shi yasa rough ɗin da kika gani ta tsorata ki a banza, ba hannunki ake magana ba bakinki ne. Farashin da Bature zai ce steep, Bajamushe happig zai ce ko gesalzen. A taƙaice ƙofar a buɗe take daga Jamusanci zuwa Turanci, amma in zaki dawo sai kin duba da kyau. Af, rau ɗin nan in kin ganta a tsohon littafi da h a ƙarshe, rauh, ba kuskure bane, gyaran rubutu na 1996 ne ya cire mata.

Akwai amfani na uku da ba a cika ji a baki ba amma jarida da labarai cike suke da shi. Im schroffen Gegensatz zu, ko ein schroffer Kontrast, ein schroffer Übergang, ein schroffer Wechsel. Dutsen ne dai har yanzu, kina tafiya a fili sai ga bango, babu gangaren da zai kai ki a hankali. Turanci nan stark contrast ko sharp contrast yake cewa, sauyin kuma abrupt change. Mu sai mu ce sun yi hannun riga, ko abin ya sauya farat ɗaya. Ki lura da abin dariya, kalmar da ƙamus ya ce miki blunt ga ta nan ta koma sharp, shi kaɗai ya isa ya nuna miki jeren ƙamus ba abin dogaro bane in babu jimla.

Game da nauyinta, wannan ra'ayina ne daga abinda kunnena ya saba ji ba doka ba. Kurz angebunden ita ce mafi sauƙi, mutum na sauri ne kawai bai tsaya hira ba. Schroff na sama da ita, akwai sanyi da turewa. Barsch kusan tare suke amma barsch ta fi tsawa, irin muryar mai bada umarni, schroff kuwa ana iya yinta a hankali ba ɗaga murya, wani lokacin ma da juya baya kawai, sich schroff abwenden. Grob ta shiga rashin ladabi sosai, unverschämt kuma rashin kunya ce tsagwaronta. Kinga ke a tsakiya aka ajiye ki, kuma da etwas.

Yanzu me yasa hakan ta same ki, dan na tabbata ke a ranki baki ji kin yi wani abu ba. Na ga wannan a wurin 'yan uwanmu da yawa kuma ni ma an taɓa faɗa min a shekarata ta farko a wani ofis, raina ya ɓaci kwana biyu dan ni a gida mai yawan gaisuwa aka san ni. Matsalar ita ce duk laushinmu a Hausa yake zaune. Sannu Mama, ya jikin, dan Allah ɗan tashi, yi haƙuri, Allah ya ƙara sauƙi. In muka koma Jamusanci da ƙananan kalmomin da muke da su sai duk wannan ya zube, abinda ya rage shi ne ƙashin jimlar, wato zauna, sha, jira: Setzen Sie sich. Trinken Sie. Warten Sie. Nahawu daidai, malamin aji zai baki maki, amma a kunnen tsohuwa 'yar shekara 85 kamar soja ne ke mata magana. Ga kuma tsoron kuskure da ke sa mutum ya ɗaure fuska yana lissafin der die das na jinsin kalmomi a kansa, ita kuma tana ganin kin sha mur ne.

Su laushinsu a wasu 'yan ƙananan kalmomi yake da ba su da fassara, mal, doch, kurz, eben, ruhig, da bitte, sai kuma könnten da würden. Ki gwada faɗin waɗannan biyun da ƙarfi kiji, Setzen Sie sich, da kuma Setzen Sie sich doch bitte mal kurz hin. Abu ɗaya aka ce amma na biyun kamar "ɗan zauna mana Mama" ne. Warten Sie ki mayar da shi Einen kleinen Moment bitte, ich bin gleich bei Ihnen, wato "ɗan jira kaɗan dan Allah, yanzu zan zo wurinki". In zaki ce a'a kar ki bar Nein tsirara, ki ce Das geht leider gerade nicht, aber ich komme nachher noch mal, wato "sai dai haƙuri ba zai yiwu yanzu ba, amma zan dawo anjima". Leider ɗin nan tana aiki kamar "sai dai haƙuri" namu. Kuma ki dinga kiran sunanta, Frau wance, dan a nan ba a ce wa tsohuwar da ba taki ba Mama ko Oma, a wurin aiki ma ana ɗaukar hakan raini ne, sunan shi ne girmamawar.

Zaki iya cewa to ai su ma haka suke min magana, kuma gaskiyarki. Musamman in Berlin kike, har suna suka sa wa abin, Berliner Schnauze, wato bakin 'yan Berlin, direban bas ya amsa miki da kalma ɗaya ya rufe ƙofa. Mutanen arewacin Jamus ma an san su da ƙarancin magana, Moin kawai shikenan an gaisa. Mu da muka saba gaisuwa sai ta kai minti uku duk sai mu ga ƙasar gaba ɗaya schroff ce. Amma su a tsakaninsu suna jin bambancin gajarta da gwasalewa, yana cikin sautin murya da waɗancan ƙananan kalmomin da kallon ido, kuma a gidan tsofaffi ma'aunin ya fi tsanani akan na tashar jirgi.

Faɗarta kuma, sch ɗin sh ɗinmu ne, r daga maƙogwaro, o gajere ne saboda f biyun da ke bayansa, gaɓa ɗaya ce tak. Bakinmu zai so ya ce shurof, ki yi ƙoƙari ki haɗe sh da r ɗin, f kuma haƙoran sama akan leɓen ƙasa, ba irin namu da ke zamewa ya koma p ko h ba. In tana gaban suna tana ɗaukar ƙarshe kamar kowace siffa, ein schroffer Ton, eine schroffe Antwort, ein schroffes Wesen, die schroffen Felsen. In bayan sein (wato "kasancewa") take ko tana bayyana aiki a haka take zama, er war schroff, sie antwortete schroff. Kwatanci schroffer da am schroffsten, o ɗin baya samun ɗigo biyu. Sunan halin die Schroffheit.

In ni ce ke gobe da safe zan samu shugabar in ce Danke für den Hinweis, das war nicht so gemeint. Können Sie mir sagen, was genau schroff geklungen hat? Wato "na gode da gyaran, ba haka na nufa ba, ko zaki faɗa min ainihin abinda ya fito schroff?" Suna son irin wannan tambayar sosai, kuma zata faɗa miki ainihin jimlar da kika yi, wanda ya fi duk wannan dogon bayanin nawa amfani. Ita kuma tsohuwar in kin shiga ɗakinta ki saki fuska ki ce Entschuldigen Sie bitte, ich wollte gestern nicht schroff sein, mein Deutsch ist manchmal noch etwas kurz, wato "yi haƙuri, ban yi nufin gwasale ki jiya ba, Jamusancina ne har yanzu wani lokacin ɗan gajere". Jimlar ƙarshen nan ba Jamusancin littafi bace, amma ki barta a haka, zata gane kuma ina zaton har dariya zata yi.